"AI DA YANA NAN ZAI YARDA": HUKUNCIN SA HANNU A MADADIN WANDA BA YA NAN



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa masu albarka, akwai wata tambaya da take yawan zuwa daga 'yan uwanmu mazauna Amurka. Surarta kusan iri ɗaya ce kullum. An haifi yaro a can, uwa tana tare da shi, uba yana Kano ko Yamai ko Kumasi. Ana son a yi wa yaron fasfo a kawo shi gida ya ga dangi. Hukuma ta ce sai uba ya sa hannu a takardar amincewa a gaban notari. Uba ya yi nisa, lokaci ya ƙure, kuɗin jirgi yana ta hawa. Sai wani ya ba da shawara: a samu ɗan gari mai hatimi, wani ya kwaikwayi sa hannun uban, a buga, a wuce wurin. Hujjar kuma guda ɗaya ce: "Malam, ai ba zalunci aka yi ba. Da yana nan zai yarda."

To, abin da ke cikin takardar gaskiya ne, uban ya yarda a zuciyarsa. Shin gaskiyar abin da aka rubuta tana wanke ƙaryar yadda aka rubuta shi?

ME TAKARDAR TAKE CEWA?

Hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, don haka mu fara sanin tsarin.

A dokar Amurka, yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a yi masa fasfo sai da yardar iyayensa biyu. Asali shi ne su zo tare da yaron. Idan ɗaya ba zai samu zuwa ba, sai ya cike wani fom mai lamba DS-3053, ya sa hannu a gaban notari, ya haɗa da kwafin katin shaidar da ya nuna wa notarin, gaba da baya. Takardar tana aiki ne na kwana 90 daga ranar da aka buga mata hatimi. Akwai kuma jerin ƙasashen da ba a karɓar hatimin notarinsu a kan wannan fom, sai dai mutum ya je ofishin jakadancin Amurka da kansa, kuma Najeriya tana cikin jerin. Uban da ke Kano kenan sai ya nufi Abuja ko Legas.

Notari kuwa aikinsa kaɗan ne, amma nauyinsa babba ne. Ba ya binciken zuciyar kowa. Abin da hatiminsa yake faɗa shi ne: wannan mutum ya tsaya a gabana a rana kaza, na duba shaidarsa na tabbatar shi ne, ya sa hannu ina kallo, ba tare da na ga alamar tilas ba.

Ku lura da kyau. Takardar tana ɗauke da magana biyu. Ta farko ta uba ce: na yarda. Ta biyu ta mai hatimi ce: na gani. Ko da ta farkon gaskiya ce ɗari bisa ɗari, idan uban bai tsaya a wurin ba, ta biyun ƙarya ce tsagwaronta. Kuma saboda ta biyun ne aka ce a je wurin notari tun farko. In da yarda kawai ake nema, ai saƙon waya ya isa.

GASKIYAR MAGANA DABAN, GASKIYAR SHAIDA DABAN

Alƙur'ani ya koya mana wannan bambanci a farkon Suratul Munafiƙun. Mutanen sun zo sun ce suna shaidawa cewa Annabi (SAW) Manzon Allah ne. Allah Ya tabbatar da cewa lallai Manzonsa ne, sannan a cikin ayar dai Ya bayyana su da maƙaryata. Subhanallah! Maganar da suka faɗa babu wadda ta fi ta gaskiya a duniya, amma an kira su maƙaryata, domin ƙaryar tana cikin kalmar shaidawar da suka yi, alhali babu ita a zukatansu.

Ba ina nufin baiwar Allah da ta matsu ta zama munafuka ba, Allah Ya tsare. Ƙa'idar nake so mu ɗauka: mutum yana iya yin shaidar zur a kan abin da yake gaskiya. Duk wanda ya ce "na gani" alhali bai gani ba, ya yi zur, ko da abin ya faru.

Girman zur kuwa sananne ne. A hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) yana lissafa mafi girman manyan zunubai, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye yana kishingiɗe. Da ya zo kan maganar zur da shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru saboda tausaya masa. Malamai sun ce hikimar hakan ita ce, shirka zuciyar musulmi tana gudunta, saɓa wa iyaye ɗabi'a tana ƙinsa, amma zur abubuwan da ke tura mutum gare shi suna da yawa, kuma mutane suna ɗaukarsa da sauƙi. Kwaɗayi yana turawa, kunya tana turawa, har tausayi ma yana turawa. Mai hatimin da ya buga wa 'yar garinsu takarda yana ganin taimako ya yi. A Amurka ma ba sai lauya ba ne yake zama notari, don haka sau da yawa ɗan uwa ne da ake sallah sahu ɗaya da shi, ana jin nauyinsa yana jin nauyin mutane. Ta nan Shaiɗan yake shiga.

Idan kuma akwai rantsuwa a cikin takardar, to mu tuna hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim, wanda ya nuna cewa rantsuwa tana tafiya ne a kan niyyar wanda ya nemi a rantse masa. Babu damar mutum ya ce a ransa wani abu daban yake nufi.

"AMMA AI MALAMAI SUN HALATTA A YI ABU A MADADIN WANI"

Wani ɗalibin ilimi zai iya kawo wannan, kuma maganarsa tana da asali. A fiƙihu akwai mas'alar fuduli, wato wanda ya yi ciniki da dukiyar wani ba tare da an wakilta shi ba. A mazhabar Malikiyya cinikin ba ya rushewa kai tsaye, yana rataye ne har mai dukiya ya amince ko ya ƙi. Daga cikin hujjojinsu akwai ƙissar Urwatul Bariƙi a Bukhari: Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka.

Amma duba abin da Urwa ya yi. Da fuskarsa ya shiga kasuwa, da sunansa ya yi ciniki, ya dawo ya faɗi abin da ya faru, mai haƙƙi ya amince. Bai yaudari kowa a kan ko shi wane ne ba. Mai kwaikwayon sa hannu kuwa cewa yake yi shi ne wane, alhali ba shi ba ne, sannan ya jawo mutum na uku ya shaida hakan. Shari'a ta buɗe ƙofar wakilci a bayyane. Sojan gona kuma ba ta taɓa buɗe masa ƙofa ba.

Sannan wannan kalma ta "zai yarda", wa ya tabbatar da ita? Zato ne. Sau tara zaton yana iya zama daidai. Na goman shi ne matar da ta yi niyyar tafiya da yaro ba dawowa, ko mijin da ya shirya ɗauke 'ya'ya ya kai wa mahaifiyarsa ba da sanin uwarsu ba. Su ma abin da suke faɗa wa mai hatimi kenan: "ai ta sani", "ai ya yarda". Jami'in da ke karɓar takarda ba shi da hanyar bambance mai gaskiya da maƙaryaci sai wannan hatimi. Annabi (SAW) ya nuna a hadisin Ibn Abbas cewa da za a riƙa ba mutane abu saboda da'awarsu kawai, da wasu sun yi da'awar jinin wasu da dukiyoyinsu. Idan wannan a kan dukiya ne, ina ga ɗan mutum?

Kuma yaro in ya ƙetare iyaka, dawo da shi aiki ne ja. Har yarjejeniya ƙasashe suka ƙulla a birnin Hague a 1980 saboda iyayen da ke gudu da 'ya'ya zuwa wata ƙasa, kuma ba kowace ƙasa ce ta shiga cikinta ba. Rigakafin dai shi ne a ƙofar fita.

HATIMI BA BAƘO BA NE A MUSULUNCI

Wasu kuma ta wata fuskar suke zuwa: "Wannan duk tsarin Turawa ne. Ni da ɗana, sai wani ya buga min sitam?"

Ɗan uwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ta yi umarni a samu marubuci mai adalci, ta hana marubuci ƙin rubutawa, ta hana shaidu ƙin zuwa idan an kira su, ta hana a ƙosa da rubutawa komai ƙanƙantar abin. Waɗanda aka fara yi wa wannan umarni sahabbai ne, mafi amanar mutane. Da neman shaida zargi ne, da ba a fara da su ba.

Hatimi kuma, Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa lokacin da Annabi (SAW) ya yi nufin rubuta wa Rumawa wasiƙa, aka gaya masa ba sa karanta wasiƙa sai mai hatimi. Bai ce al'adar kafirai ce ba. Sai ya sa aka yi masa zobe na azurfa yana buga wa wasiƙunsa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Tsari ne na wasu mutane, yana tsare gaskiya, bai saɓa wa shari'a ba, sai ya karɓa.

Daga baya musulmi suka mayar da wannan fanni guda, ana kiransa ilimin shuruɗɗa da wasiƙoƙi. Imam Ɗahawi, wanda ya rasu a shekara ta 321 bayan hijira, ya yi rubutu a kansa. Malikawan Andalus da Magrib suka ƙware a ciki, irin su Wansharisi da ya rasu a 914, mai littafin Almanhajul Fa'iƙ. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu suka daɗe suna karantawa a zaure, cike take da hukuncin shaida da rantsuwa. Har gobe a Maroko akwai adilai da ake ƙulla aure da rubuta wasiyya a gabansu, a Saudiyya kuma akwai katibul adli. Abin da ake kira notari yau, mun san shi tun da daɗewa da wani suna.

"NI NE WALIYYI, ME YA KAWO SA HANNUN UWA?"

Wannan ita ce ta fi yi wa maza zafi, musamman idan aure ya mutu. Gaskiya ne uba shi ne waliyyi, ciyarwa da tarbiyya da aurarwa suna wuyansa. Amma shari'ar da ta ba shi wilaya ita ce ta ba uwa hadana, wato haƙƙin reno da riƙo. A mazhabar Malik, riƙon ɗa namiji yana hannunta har ya balaga, na 'ya mace har ta tare a gidan miji, matuƙar sharuɗɗan sun cika.

Ku duba aya ta 233 a Baƙara. Ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Sannan da ta zo kan yaye kafin cikar shekara biyu, sai ta rataya shi a kan yardar su biyun da shawara a tsakaninsu. Jama'a, cire yaro daga nono kenan, yana nan cikin gari ana ganinsa. To fitar da shi daga ƙasa fa, zuwa inda ɗayan ba zai iya binsa ba sai da biza?

Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da matarsa Ba'ansariya, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa, sai ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta riske shi, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya ce ya bar mata yaron, Umar bai sake cewa uffan ba. Umar ne fa! Bai ce "ɗana ne" ya kafe ba.

Na san masu karatu za su ce ai malamanmu sun ce idan waliyyi zai ƙaura ƙaurar zama, tafiyar da ta kai baridi shida, wato mil 72, yana da damar tafiya da yaron. Haka ne, yana cikin littattafanmu. Amma sun sa sharuɗɗa: ƙaurar zama ce ba ta kasuwanci ko ziyara ba, hanya da amincinta, garin da za a je da amincinsa. Wa zai duba cikar waɗannan sharuɗɗa idan an yi saɓani? Alƙali. Mutum ba ya zama mai ƙara kuma alƙali a shari'arsa. Wanda yake ganin yana da haƙƙi ya je ya karɓo shi da rana tsaka, kada ya sato shi da sa hannun bogi. Kuma ya tuna hadisin Abu Ayyub a Tirmizi, mai gargaɗin cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama.

WANDA YA RIƘE SA HANNUNSA DON MUGUNTA

Adalci ne mu juya ta ɗaya ɓangaren, domin da yawa daga masu yin jabu, wani ne ya tura su bango. Akwai mazan da suka mayar da wannan sa hannu sandar duka. An rabu shekara uku, bai san kuɗin makaranta ba, bai san na asibiti ba, amma ranar da aka ce ya sa hannu sai ya tuna shi uba ne. "Sai ta zo ta roƙe ni." "Sai ta janye ƙarar da ta kai ni." Akwai matan da su ma suke yin haka don su rama abin da aka yi musu.

Bawan Allah, wannan sa hannu amana ce aka ba ka don maslahar yaron. Ba gadon gidanku ba ne. Idan kana da tsoro na gaskiya, kana jin za a tafi da shi ba za ka sake ganinsa ba, ko za a kai shi inda addininsa zai lalace, to ƙin sa hannu haƙƙinka ne, wani lokaci ma wajibi ne. Faɗi dalilinka a gaban manya ko a gaban alƙali, a rubuta sharuɗɗa: yaushe za a tafi, yaushe za a dawo, a hannun wa fasfo zai zauna. Amma idan ka san babu komai sai ɗacin zuciya, yaro ya rasa ganin kakarsa har ta rasu, ko ya rasa magani, ko karatu, to kai ne wanda ayar ta hana cutar da uwa ta hanyar ɗanta. Wallahi yaran nan suna girma, kuma suna tambaya.

INA MAFITA GA WADDA AKA ZALUNTA?

'Yar uwa, zaluncinsa ba ya halatta miki zur. Lalura tana halatta abin da aka hana ne idan babu wata hanya, kuma a nan akwai. Tsarin da ya nemi sa hannun mutum biyu ya tanadi hanya ga wanda ya rasa na biyun. Idan ya rasu, takardar shaidar rasuwa ta wadatar. Idan kotu ta ba ki riƙo ke kaɗai, ko ta ba ki izinin yi wa yaron fasfo, hukuncin kotun ya wadatar. Idan ya ɓace an neme shi an rasa, akwai wani fom daban mai lamba DS-5525 da za ki bayyana halin da ake ciki da ƙoƙarin da kika yi, su duba. Hanyar tana da tsawo, ba kullum ake samun yadda ake so ba, amma tsawon hanya da tsadar tikiti ba su kai matsayin lalura ba.

Ki kuma duba abin da kike jefa kanki a ciki. Ƙarya a takardar neman fasfo laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa a can. Ranar da zumunci ya yi tsami, wanda kika ce "zai yarda" shi ne zai fara cewa bai taɓa sa hannu ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kin ba shi makami da hannunki, kin raunana matsayinki a gaban alƙali a kan riƙon ɗan da kika yi abin dominsa.

MU DUBA GIDA

Kada mu ɗauka wannan matsalar mazauna waje ce kawai. A Najeriya ma Hukumar Shige da Fice tana neman takardar amincewar iyaye kafin a yi wa ƙaramin yaro fasfo, kuma mun san yadda ejan yake cewa "kawo kuɗi kawai, zan haɗa komai". Mun san yadda ake karɓo takardar rantsuwa a bakin kotu, wanda aka ce ya rantse yana gida yana barci. Mun san yadda ake rage shekaru a takardar haihuwa, a ce wai kowa ma yana yi. Mun saba har abin ya daina yi mana nauyi, mutum ya fito daga sahun farko ya je ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka yake ba.

Sannan mu zo muna jin haushi idan aka ce ba a yarda da hatiminmu ba sai mun je ofishin jakadanci. Kowace takardar jabu da ta wuce, wani mai gaskiya ne zai biya kuɗinta a gaba, da dogon layi da tafiyar dare zuwa Abuja. Kakanninmu fatake sun yi ciniki daga Kano har Gwanja da kalmar baki, saboda an san kalmar tasu ba ta tashi.

Don haka, mai shirin tafiya ya fara neman takardunsa da wuri, tun kafin ya sayi tikiti. Ma'auratan da za su rabu su zauna da waliyyansu su rubuta maganar tafiye-tafiyen yara tun ana ganin mutuncin juna. Mai hatimi ya koyi cewa "ba zan iya ba sai ya zo da kansa", ko da mai roƙon surukinsa ne, domin kuɗin da aka karɓa a kan zur haramun ne, kunyar da aka ji kuma ba za ta tsaya wa kowa a gaban Allah ba. Wanda kuma ya riga ya aikata, ƙofar tuba a buɗe take: ya yi nadama, ya sanar da wanda aka yi amfani da sunansa ya nemi yafiyarsa, ya nemi shawarar masana doka a kan yadda zai gyara.

Allah Ya sa mu cikin masu tsayuwa da shaida saboda Shi. Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya tausayi tsakanin iyayen da suka rabu, Ya kare 'ya'yanmu daga zama abin ramuwa a hannun iyayensu.

Wallahu a'alam.